Wane Ne Gwarzo A Bakin Iyaka?

Akwai wani kuka da ake yawan ji daga bakin iyaye da malaman makaranta game da irin labaran jarumtaka da samari suke karantawa a littattafan zane, ko suke kallo a wayoyinsu na hannu. Kukan kuwa shi ne, wai a da idan aka ba yaro labari, tun daga farko ya san wane ne na kirki wane ne mugu, amma yanzu abin ya cuɗe, jarumin yana karya doka, mugun kuma yana da hujjar da za ta sa a tausaya masa. Saboda haka waɗansu suna ganin maganin abin shi ne a raba yara da waɗannan labarai ɗungum. Kukan nan yana da tushe, amma maganin da aka kawo ba shi ne ba. Wanda yake son ya gane dalili, sai ya dubi yaron da ya tashi a ƙasar Bagudo ta Jihar Kebbi, inda Nijeriya ta yi iyaka da Jamhuriyar Benin, domin shi wannan cuɗewar ba a littafi ya fara ganin ta ba.

Ya kamata a fara da labaran kansu. Batman, wanda aka fara zana labarinsa a Amurka a 1939, attajiri ne da aka kashe iyayensa a gabansa yana ƙarami. Da ya girma sai ya rufe fuskarsa, ya riƙa fita da dare yana farautar masu laifi yana jibgar su, alhali shi ba ɗan sanda ba ne, ba kuma alƙali ba. A fim ɗin Black Panther na 2018 kuwa, abokin gabar sarki, wato Killmonger, ɗan ƙanen mahaifin sarkin ne, wanda aka kashe ubansa aka yasar da shi maraya a Amurka. Da ya dawo neman gadon sarauta, ƙararsa ita ce ƙasarsu ta ɓoye dukiyarta da makamanta alhali baƙar fata suna shan wuya a duniya. Samari da yawa sun fito daga kallon suna cewa shi ne mai gaskiya, ko da yake sun gan shi yana kashe duk wanda ya tare masa hanya, har da budurwarsa.

To, wannan ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. Gizo, wanda kowace kaka take ba jikokinta labarinsa da dare, maƙaryaci ne, makwaɗaici, mai cin amana, amma shi yara suke jira su ji yadda zai kuɓuta. A cikin Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda aka buga a 1934, Alhaji Imam ya fita neman ruwan da zai warkar da ɗan sarki, niyya mai kyau, amma a hanya yaudarar da ya yi wa mutane ba ta kasa ta Malam Zurƙe ba. Ganɗoki na Bello Kagara, wanda ya fito a wannan shekara, jarumi ne a idon mai karatu, amma a idon Turawan da ya yaƙa ɗan tawaye ne. A ƙasar Kebbi ma an yi marigayi Muhammadu Gambo na Fagada, wanda aka fi sani da Gambu mai waƙar ɓarayi, ya yi shekaru yana wasa ɓarayi, mutanen kirki suna sauraro suna dariya, kafin daga baya ya bayyana cewa ya bar sana'ar. Ashe dai ba daga waje aka kawo wa Hausawa jarumi mai tabo ba.

Yanzu a koma bakin iyaka. Layin da ya raba Illo da Lolo da Tsamiya daga garuruwan Benin irin su Madikali da Segbana, ba mutanen wurin suka ja shi ba. Ingila da Faransa ne suka shirya shi a yarjejeniyar da suka yi a birnin Faris a 1898, Illo ta faɗa hannun Ingilishi, Nikki ta faɗa hannun Faransi. Dandawa da Kyangawa da Fulani da Hausawa na ɓangarorin biyu dangin juna ne, suna auratayya, suna cin kasuwa ɗaya, Kogin Kwara kuma hanyarsu ce tun kafin a san da fasfo. Abin da kakan yaro ya kira fatauci, shi ne doka take kira fasa-ƙwauri. Duk wanda bai fahimci wannan ba, ba zai gane dalilin da ya sa ake ganin mutuncin ɗan sumoga a ƙauyen iyaka ba.

An rufe kan iyakokin ƙasar nan a watan Afrilu na 1984, ba a buɗe ba sai a 1986. An hana shigo da shinkafa ta ƙasa a 2016. A watan Agusta na 2019 aka sake rufe iyakokin, a Nuwamba na shekarar kuma aka hana kai man fetur gidajen mai da ke cikin tazarar kilomita 20 daga iyaka. Kowane daga cikin waɗannan matakai yana da dalilinsa mai ƙarfi a idon gwamnati. Amma a ƙauye, abin da yaro ya gani shi ne injin ban ruwa ya tsaya, kuɗin mota ya ninka, shi kuwa saurayin da ya san hanyar daji, wanda ya ɗaura jarkoki a babur ya ratsa cikin dare, shi ne ya sayi maganin uwarsa, ya biya kuɗin makarantar ƙannensa, ya yi wa masallaci rufi. Idan malami ya shiga aji ya ce wa yaron nan ɗan sumoga mugu ne kawai, ma'aikaci mai kaki kuma na kirki ne kawai, yaron zai yi shiru, amma a zuciyarsa ya riga ya sa malamin cikin maƙaryata, musamman idan ya taɓa ganin an miƙa na goro an wuce. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Wannan shi ne dalili na farko da ya sa hana yara labaran da ke nuna cuɗewar kirki da mugunta ba zai yi amfani ba. Labarin da ya ce duniya fari ce fat da baƙi ƙirin, yaron iyaka ya san ba a kan duniyarsa ake magana ba, sai ya watsar da shi har da darasin da ke cikinsa.

Amma akwai wata ƙarya ta biyu, wadda ta fi ta farko haɗari, ita ce a ce tun da kowa yana da tabo, to babu na kirki babu mugu, kowa tasa ta fisshe shi. A nan ne kukan iyaye yake da gaskiya. A bi sawun buhun shinkafar da saurayin nan ya tsallako da shi. An sauke shi a tashar jiragen ruwa ta Kwatano, ya hau mota, ya hau kwalekwale, ya hau babur, ya iso kasuwa da arha. Wa ya biya wannan arhar? Manomin fadama na Suru da Argungu da Bagudo kanta, wanda ya ci bashi ya yi noman rani, wataƙila ma ƙarƙashin shirin ba da rancen noma da aka ƙaddamar a Birnin Kebbi a watan Nuwamba na 2015, ya kai shinkafarsa kasuwa ya tarar farashi ya faɗi. A bi sawun jarkar fetur kuma. Kafin a janye tallafin mai a ran 29 ga Mayu 2023, lokacin da lita ba ta kai Naira 200 ba, duk jarkar da ta tsallaka Benin aka zuba a kwalabe ana sayarwa a bakin titi, kuɗin baitulmalin talakan Nijeriya ne ya tsallaka da ita. Kuma hanyar dajin da ta saba da shinkafa da mai ba ta tambayar abin da ke cikin kaya, in an ɗora mata bindiga ko miyagun ƙwayoyi, haka za ta kai su. Shi saurayin babur ɗin ma, shi ne yake ɗaukar harsashi ko gobara, mai kayan yana birni yana barci. Gwarzon gida ɗaya yana iya zama masifar gida ɗari.

Akwai misalin da ya fi wannan ɗaci, arewa da Bagudo, a kan iyakar Nijar. Wajen 2017 da 2018, lokacin da ɓarayin shanu suka addabi ƙauyukan Tangaza da Gudu a Jihar Sakkwato, waɗansu mutane ɗauke da makamai, waɗanda daga baya aka sani da suna Lakurawa, sun shigo a matsayin masu ceto, har waɗansu shugabannin jama'a suka yi maraba da su. Sun kori ɓarayi, sun mayar wa waɗansu da dabbobinsu. Ba a daɗe ba sai suka shiga karɓar shanu da sunan zakka, suna yi wa samari bulala, suna kafa dokar kansu. A watan Nuwamba na 2024 suka kashe mutum 15 a garin Mera na Ƙaramar Hukumar Augie a Jihar Kebbi, a watan Janairu na 2025 kuma Babbar Kotun Tarayya ta ayyana su 'yan ta'adda. Labarin mai rufe fuska da ya zo ceton gari ke nan, amma a nan ba a rufe littafi a tashi, gawa ake ɗauka.

To, da wane ma'auni yaro zai bambanta? Ba da tufafi ba, domin mai kaki yana iya zama ɓarawo, mai tsumma kuma yana iya zama adali. Ba kuma da labarin wahalar da mutum ya sha ba, domin kusan kowane azzalumi yana da ranar da aka zalunce shi, zaluncin da aka yi masa kuma bai halatta masa jinin wanda bai ji ba bai gani ba. Tambayoyin da suka fi amfani su ne, wa yake biyan kuɗin jarumtakar nan, shi jarumin ne ko kuwa wani bawan Allah da ba a nuna fuskarsa a labarin ba? Kuma idan jarumin ya yi kuskure, wa ya isa ya tsayar da shi? Wanda ya yarda a tuhume shi, ya tsaya gaban alƙali ko gaban dattawan gari, yana cikin jama'a ko da yana da laifi. Wanda kuwa ya ce shi ne mai kamu, shi ne mai shari'a, shi ne mai zartarwa, ya riga ya kama hanyar zama abin da ya fito yaƙa, ko da ya fara da kyakkyawar niyya.

Labaran da suka amsa sunansu ba su ɓoye wannan ma'auni ba. Gizo yana yin wayonsa, amma sau da yawa da kunya yake ƙarewa, yara kuma suna ganin haka. A fim ɗin da aka ambata, sarki ya karɓi gaskiyar da ke cikin ƙarar ɗan'uwansa, ya buɗe ƙasarsa ga duniya, amma ya ƙi hanyarsa ta zubar da jini. Aikin da ya rage shi ne na babba, ya zauna da yaro ya nuna masa wannan bambanci, maimakon ya ƙwace waya ya bar shi da tambayarsa.

Saboda haka akwai kira ga mutum uku. Malaman Hausa da na ilmin zaman jama'a a makarantun sakandare, musamman na garuruwan iyaka, su daina tsallake waɗannan wurare idan ana karatun Ruwan Bagaja ko Ganɗoki, su sa ɗalibai su yi muhawara, wannan ya kare Alhaji Imam, wancan ya tsaya wa mutanen da ya yaudara. Marubutan Hausa kuma, waɗanda suka cika kasuwa da labaran soyayya da na yaƙin aljanu, su waiwayi bakin Kwara, domin akwai labari a can wanda ya fi na Amurka nauyi, labarin wa da ƙane, ɗaya ya shiga aikin kwastan ɗaya yana tsallaka kaya, uwarsu kuma tana cin abincin su duka biyun. Ma'aikatan gwamnati kuwa su tuna cewa su ma suna cikin labarin da yaron nan yake karantawa kullum a kan hanya. Duk ranar da aka karɓi na goro a shingen bincike, an ƙara wa ɗan sumoga daraja a idonsa. Duk ranar da ƙauye ya kira jami'an tsaro ba su zo ba, an share wa mai rufe fuska hanya. Dokar da ake so yaro ya girmama, dole ne ya gan ta tana kawo makaranta da asibiti da hanya, ba shinge kaɗai ba.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron Bagudo ba ya bukatar a ɓoye masa cewa mutumin kirki yana iya yin laifi, mai laifi kuma yana iya yin alheri, wannan ya sani tun kafin ya iya karatu. Abin da yake bukata shi ne a koya masa yadda zai ƙirga waɗanda aka taka kafin ya tafa wa wanda ya yi tsalle. Allah ya shirya zuri'a, ya ba shugabanni ikon yin adalci.