Kada ka sayar da lofen kakanka

Ya kai mai karatu, akwai wasu mutane da ke yawo ƙauye-ƙauye da buhu a kafaɗa. Ba hatsi suke nema ba, ba wake ba. Tambayarsu guda ce: "Akwai kayan da?" Suna sayen tsohon takobi, da tsohon munduwa, da akushi, da tukunyar taba, wato lofen da tsofaffi ke sha a da. Su ba ka dala ɗari ko jika guda, ka yi murna, kana ganin ka samu wawa mai sayen shara. Ɗan'uwa, kai anka cuta. Rashin sani ya sa kaza ta kwana kan dami da yunwa.

Ka tsaya ka tambayi kanka: mutumin da ya biya kuɗin mota tun daga birni, mi ya gani a jikin ƴar tukunyar yumɓu mai baƙin hayaƙi? Ya san inda za ya kai ta. Da yawa daga cikin dillalan kayan da na Abijan da Lome Hausawa ne ƴan'uwanmu. Daga hannunsu kayan ke wucewa ƙasashen Turai, kuma kowane hannu yana ɗora ribarsa. Kai da ka gada, kai ne ka fi kowa samun kaɗan.

Ga dalilin da ya sa abin ke da kasuwa. A Turai akwai masu tara tsofaffin tukwanen taba, kamar yadda wani ke tara dawaki. A Faransa akwai garin San-Kulod. Tun wajen tsakiyar shekarun 1800 mutanensa ke sassaƙa lofe da saiwar wani icce mai tauri da ke jure wuta. Garin ya buɗe gidan ajiya inda ake zuwa kallon aikin kakanninsu. A Turkiyya, kusa da garin Eskishehir, ana haƙo wani farin dutse mai taushi, ana sassaƙa lofe da shi. A Amsterdam ta ƙasar Holan akwai gida guda da ba a ajiye komi cikinsa sai lofe da kayan taba na duniya, har da na Afirka. Su sun adana nasu, sun zo suna neman namu. Mu kuwa muna miƙa musu da hannu biyu.

Wani za ya ce: "Fasasshiyar tukunyar taba mi za ta tsinana mini?" To saurara. Taba ba shukar ƙasarmu ba ce tun asali. Daga Amurka ta fito. Turawa sun fara ganinta a 1492. Ba ta iso ƙasashenmu na yammacin Afirka ba sai wajen shekara ta 1600. Da isowarta malamai sunka shiga gardama a kanta. Ahmad Baba, babban malamin Tumbutu, ya yi rubutu kan hukuncinta a 1607. Saboda haka masana tarihi, in suna binciken kufai sunka tarar da tukunyar taba cikin ƙasa, sun san mutane sun zauna wurin bayan zuwan taba. Siffar tukunyar da zanen jikinta suna sakewa daga zamani zuwa zamani, daga ƙasa zuwa ƙasa. Da su ake gane wa ya zauna nan, da wa yake fatauci. Ƴar tukunyar nan shaida ce. In shaida ta bar gari, wa za ya faɗi maganar garin?

Ka duba kuma aikin hannu. Wani magini ne ya kwaɓa yumɓu, ya huda, ya yi zane da tsinke, ya gasa. Wani ya gyara karan da ake sokawa a zuƙa. Wani wurin maƙeri ne ya ƙera ta. Manoman fadamar Gulbin Maraɗi sun daɗe suna noman taba, fatake suna kai ta kasuwanni masu nisa. Duk wannan sana'a ce ta iyayenmu. Yau taba sigari ta kwali ta kore ta. Yaro ɗan shekara goma sha biyar bai taɓa ganin yadda ake cika lofe ba. In ka sayar da na gidanku, da mi za ka nuna masa?

Abin da ya fi sayarwa muni shi ne haƙa. In dillali ya ƙare da na cikin ɗaki, sai ya ce a tono masa na cikin kufai. Mun ga ƙarshen wannan hanya a ƙasarmu. A Bura, cikin ƙasar Tera, an gano wata tsohuwar maƙabarta a 1975. A 1983 masanin tarihi Bube Gado ya yi aikin bincike a wurin, ya samo tukwane da siffofi na yumɓu da sunka girmi zuwan taba da ɗaruruwan shekaru. Da labari ya kai Turai, a shekarun 1990 masu haƙa sunka afka wa kufan yankin, sunka birkice su. A shekara ta 2000 ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya ta sa kayan Bura cikin jerin kayan Afirka da ake sacewa, waɗanda ta ce kada kowa ya saya. Kuɗin da masu haƙa sunka karɓa an cinye su tuni. Abin da ƙasa ta ɓoye shekaru aru-aru ya tafi, ba ya dawowa. Tun 1997 Nijar na da dokar kare kayan tarihi, wadda ta hana haƙa kufai da fitar da irin kayan nan ba da izini ba.

Akwai kuma masu cewa: "Taba cuta ce, a farfasa tukwanenta a huta." Rabin maganarsu gaskiya ne. Taba cuta ce, ta lofe da ta sigari da ta ci duka. Tana lalata huhu, tana kawo ciwon daji na baki da na maƙogwaro. Hukumar lafiya ta duniya ta ce tana kashe mutum fiye da miliyan 7 kowace shekara. Kakanninmu ba su san haka ba, mu mun sani. Nijar ma ta kafa dokar yaƙi da shan taba a 2006. Amma wa ya ce ka kunna? Takobin kakanka na rataye a ɗaki, ka taɓa saran wani da shi? Ka ajiye lofen, ka bar hayaƙin. Ranar da ɗanka ya tambaya, ka nuna masa, ka ce: "Ga abin da kakanka ke sha, ga kyawun aikin, ga kuma tarin da ke hana masu shansa kwana."

Yanzu ga aikin da ya rataya a wuyanka, kai da ka shiga makarantar yaƙi da jahilci. Masu tara lofe a Turai abin da suke fara dubawa shi ne hatimin da ke jikinsa: sunan mai yi, garinsa, wani lokaci har shekara. Maginanmu ba su sa hatimi ba. Hatiminsu yana cikin kan tsofaffi, tsofaffi kuwa suna tafiya. Ka ɗauki takarda da alƙalami, ka zauna gaban tsoho ko tsohuwar gidanku. Ka tambaya: na wa ne? Wa ya gina shi? A wace kasuwa anka saye shi? Zamanin wane sarki? Kafin wace yunwa ko bayanta? Ka rubuta, ka naɗe takardar tare da lofen cikin tsumma mai tsabta, ka sa a akwati inda ruwa ba ya kai. Kada ka kankare shi, kada ka shafa masa fenti. In ka tsinci wani a gona wajen noma, ka rubuta wurin da ka gan shi, ka sanar da mai gari.

In ka ga ba ka iya riƙonsa, akwai gidan kayan tarihi na ƙasa a Yamai, wanda anka buɗe a 1959, mai sunan Bubu Hama. Akwai wani a Damagaram. Can jikanka za ya iya zuwa ya gani, ba sai ya nemi takardar shiga ƙasar wani ba.

Jika guda kwana biyu ce a kasuwa. In mai buhu ya yi sallama ƙofar gidanka, ka amsa masa, ka ba shi ruwa ya sha, ka ce masa kayan da na gidan nan ba na sayarwa ba ne.