Google na share intanet, amma wa ke sa wa mai tsintsiyar ido?

Kusan tara cikin goma na binciken da ake yi a intanet a duniya ta shafin matambayi-ba-ya-ɓata na Google ake yin sa. Idan mutum ya rubuta tambaya a wayarsa, wani tsarin lissafi ne ke auna shafuka ya jera su, wannan a sama, wancan a ƙasa. Mafi yawan masu bincike ba sa wuce sakamakon farko. Saboda haka duk ranar da kamfanin ya sauya ma'auninsa, wasu 'yan kasuwa kan wayi gari da ciniki, wasu kuma su wayi gari ba kowa a ƙofar shagonsu.

Babu mai musun cewa ana buƙatar gyaran. Kafin 2011, kamfanoni irin su Demand Media na Amurka, mai shafin eHow, sun mayar da rubutu tamkar buga bulo. Sukan duba kalmomin da mutane suka fi nema, su biya marubuta ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, su zuba dubban maƙaloli marasa zurfi domin kuɗin talla. A watan Fabrairun 2011 Google ya fito da sauyin da aka sa wa suna Panda, wanda ya shafi kusan kashi 12 cikin 100 na binciken da ake yi a Amurka, ya dannar da irin waɗannan shafuka ƙasa. A watan Afrilun 2012 sai Penguin ya biyo baya, ya hukunta masu sayen mahaɗai daga wasu shafuka domin su nuna kamar jama'a ne ke yaba su. A 2015 kuma aka fara fifita shafukan da ke buɗewa da kyau a waya. Mai karatu ne ya ci ribar duk wannan.

Matsalar ita ce tsintsiya ba ta rarrabe shara da abin da ya faɗi bisa kuskure. A watan Agustan 2022 Google ya ƙaddamar da tsarin da ya ce zai fifita rubutun da aka yi domin amfanin mutane. Sabuntawar da aka yi masa a watan Satumban 2023 da babban sauyin watan Maris na 2024 sun durƙusar da ƙananan shafuka masu yawa. Shafin HouseFresh, wanda ke sayen na'urorin tace iska ya gwada su da kansa kafin ya ba masu saye shawara, ya bayyana cewa baƙin da Google ke turo masa sun ragu daga kusan 4,000 a rana zuwa kimanin 200. Ƙorafinsa shi ne manyan mujallu da ba a ga alamar sun gwada kayan ba su ne suka haye samansa. Google dai ya ce sauyin na 2024 ya rage tarkacen rubutu a sakamakonsa da kashi 45 cikin 100. Wannan adadi na kamfanin ne, kuma shi ne ya auna kansa.

A nan ne gizo ke saƙa. Mai shafin da aka dannar ba a faɗa masa takamaiman laifinsa. Idan ma'aikacin Google ne ya hukunta shafi da hannu, akwai sanarwa kuma akwai damar neman a sake duba lamarin. Idan kuwa lissafin ne ya jefa shi ƙasa, ba wanda zai kai wa ƙara. Shawarar da ake ba shi ita ce ya inganta rubutunsa ya jira sauyi na gaba, wanda kan iya ɗaukar watanni. Albashin ma'aikata ba ya jiran watanni.

Ga shi kuma alƙalin yana da rumfa a cikin kasuwar. A 2017 Tarayyar Turai ta ci tarar Google Yuro biliyan 2.42 saboda fifita shafinsa na kwatanta farashi a kan na abokan hamayya, kuma kotun ƙolin tarayyar ta tabbatar da hukuncin a 2024. A watan Agustan 2024 wani alƙalin tarayya a Amurka, Amit Mehta, ya yanke hukuncin cewa kamfanin ya saɓa doka wajen riƙe babakeren da yake da shi a harkar bincike. Tun daga watan Mayun wannan shekarar ta 2024 ɗin kuma Google ya fara ɗora taƙaitacciyar amsa ta ƙirƙirarriyar basira a saman sakamako. Amsar daga rubutun wasu ake tatso ta, amma mai tambaya kan samu abin da yake so ba tare da ya leƙa shafin da ya yi wahalar ba. Idan mai bincike da gwaji ya daina samun abin rufin asiri, zai daina, intanet kuma ta cika da masu kwafe.

Abin da ya kamata a nema daga Google ba wai ya tona sirrin lissafinsa ba ne, domin 'yan damfara ne za su fara cin moriyar hakan. Abin nema shi ne bayani mai ma'ana ga shafin da ya yi babbar asara, hanyar ɗaukaka ƙara da mutum zai saurara, da kuma damar da masu bincike masu zaman kansu za su tantance ikirarin kamfanin. Hukumomin kare gasa a kasuwanci su ma kada su sassauta.

Masu shafukan Hausa da ƙananan 'yan kasuwar intanet na gida kuwa, idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Shafin da ya dogara da kwaso labaran wasu, ko zuba fassarar na'ura ba gyara, ko kanun labarai na yaudara, yana tafiya ne a kan hanyar da Panda ya rufe tun 2011. Wanda kuma ke aikin ƙwarai bai kamata ya bar Google ya zama ƙofarsa ɗaya tilo ba. Ya tara masu karatunsa da abokan cinikinsa ta imel da WhatsApp da Telegram, ya gina sunan da mutane za su nema kai tsaye. Ko wannan ba zai hana asara ba ranar da ma'auni ya sake sauyawa, amma zai sa ya samu waɗanda suka san hanyar shagonsa ba tare da ɗan jagora ba.