Launin kaka na zube a kasuwa, ƴan lakkol ba su da na zane

Jama'a masu karatu, musamman ku abokan zamanmu na rumfa da tebur, duk shekara in watan Oktoba ya kama abu biyu ke haɗuwa a ƙasar nan: lakkol ta koma, hatsi ya nuna. Lokacin ne yara ke kawo mana takardar kayan da mushe ya rubuta, kaye nawa, bik nawa, allo da alli, can ƙarshe kuma a ce kwalin alƙaluma masu kala. Mu faɗi gaskiya, wannan na ƙarshen shi muke fara sokewa. Wanda ke da ƴaƴa biyar a lakkol, ga kuɗin cefane, ga haraji, ba ya tsayawa sayen abin da yake gani wasa ne. Ba mu ga laifin kowa ba. Abin da muke cewa shi ne, yaro na iya koyon zane da launi ba tare da an kashe ko dala ba, kuma kayan aikin suna hannunmu mu ƴan kasuwa, wasunsu ma da yamma share su muke yi mu zubar.

A ƙasashen Turawa, kamar Faransa da Kanada, akwai darasin da ake yi wa ƴan firamare daidai wannan lokaci. In sanyi ya doso, rana ta rage tsawo, itatuwansu sukan janye koren da ke cikin ganye, sai ganyen ya koma rawaya, ko ja, ko ruwan ƙasa, kana ya zube. Malama ta kwashi yara su tsinto ganyen, su dawo aji su kwaikwayi launinsa a takarda. Darasi ne mai kyau a wurinsu, don abin da yaron ya gani a hanyar gida shi ya zana. Mu kuwa an daɗe ana nuna wa yaranmu wannan hoto cikin littattafan da suka zo daga waje, yaron Tasawa ko na Madawa ya yi ta shafa ja a kan ganyen iccen da bai taɓa gani ba, kuma ba zai gani ba.

Alhali muna da tamu kakar, ba ta kuma rasa launi ba. A fita bayan gari a ƙarshen Oktoba a duba. Karan hatsi ya bar kore ya koma ruwan zuma, dammuna jingine da rumbu, zangarniyar dawa wata ja wata fara, wake ya bushe, zoɓo ya yi jawur a gefen gona, kabewa kwance a ƙasa, sama ta fara yin fari da hazo. Ga kuma gawo, wanda al'adarsa ta saɓa wa ta sauran itatuwa: da damina yake zubar da ganye, sai kaka ta shigo, komai na bushewa, shi kuma ya yi kore shar. A yankin Matamai da Magarya da Mirya gona guda sai ka ƙirga gawo da yawa a cikinta. Tun shekarun 1980 manoman Maraɗi da Damagaram suka rungumi sassabin zamani, wato barin tsiron icce ya girma a gona maimakon a sare shi, har aka ƙiyasta filin da ya farfaɗo ya kai hekta miliyan 5. Yaron da aka ce ya zana gonar ubansa da kaka, ya sa gawo kore a tsakiyar kara busasshe, ya koyi wani abu game da ƙasarsa da babu shi a littafin Faransa.

Harshenmu ma shaida ne. Muna cewa ruwan goro, ruwan ɗorawa, ruwan toka, ruwan ƙasa, makuba, shuɗi, algashi. Rawaya kanta sunan tsiro ne da ake samun launin daga saiwarsa. Wato kakanninmu daga abin da ke hannunsu suka raɗa wa launi suna. A 2025 dokar ƙasa ta ɗora Hausa a matsayin harshen ƙasa, kuma tun 1973 aka fara gwajin koyarwa da Hausa a Damagaram. To ina amfanin wannan in yaro ya san sunan launi bakwai da Faransanci amma bai san makuba ba?

Yanzu bari mu zo kan kayan aiki, don nan ne bakinmu ya fi ƙarfi.

Ɓawon albasa, wanda masu albasar Galmi ke tarawa buhu-buhu a bakin rumfa, in an tafasa shi yana ba da launi daga rawaya zuwa ruwan ƙasa, gwargwadon yawan ɓawon da daɗewarsa a wuta. Zoɓo, da wasu ke ce wa bisab, ja yake bayarwa, kuma yana da abin mamaki: a ɗiga masa lemun tsami ko ruwan tsamiya, jan ya ƙara haske, a ɗiga ruwan kanwa, nan take ya juye ya yi duhu, ya nufi shuɗi ko kore. Gangamau rawaya ne, amma da ya haɗu da kanwa sai ya koma ja mai duhu. Duk macen da ta taɓa girki ta ga irin wannan a tukunya, sai dai ba a ce mata kimiyya ba ce. Kimiyya ce kuwa, ita ce darasin tsami da kanwa da ake koya wa manya a kwaleji da kwalabe masu tsada.

Baƙi kuma hanyarsa biyu. Akwai ta makarantar allo, gawayi ko baƙin tukunya a haɗa da ƙaro, tawadar da kowane almajiri ya iya. Akwai ta dukawa: a jiƙa bagaruwa, a jefa tsohuwar ƙusa mai tsatsa, a bar su su kwana, ruwan ya yi baƙi ƙirin. Su dukawan nan da karan dafi da kanwa suke fitar da jan da suke rina fata da shi, kuma kowa ya san fatar jar akuyar Maraɗi ta yi suna har Turai. Sai jar ƙasa da farar ƙasa, a daka, a tankaɗe, a dama da ruwan ƙaro. Goron da ya bushe ya ƙi sayuwa, da guntun lalle na gindin kwano, duk launi ne.

Maganar ƙaro ta isa a tsaya a kanta. Fentin ruwan nan na ƴan makaranta da ake kawowa cikin ɗan akwati, mai kyau daga cikinsa garin launi ne aka haɗa da ƙaro, shi ke riƙe launin a jikin takarda. Ƙaron kuwa daga ina? Daga Sudan da Cadi da Najeriya da sauran ƙasashenmu na Sahel ake ɗibarsa a kai Turai. Ke nan a saye shi a hannunmu da tiya, a mayar mana da shi cikin akwati da tsadar da ta fi ƙarfin aljihunmu. Mu da muka san ciniki ai bai kamata wannan ya wuce mu ba.

Abin shafawa ba wuya: asawaki da aka tauna bakinsa, gashin zabo, ko alƙalamin kara. Takarda kuma ga kwalayen sabulu da na taliya da muke zubarwa, ga bayan tsohuwar kalanda, ga sakaina.

Kada mu yi wa kowa daɗin baki, wannan launi yana da aibinsa. Na zoɓo da na gangamau ba sa jure rana, bayan ƴan makonni sai su kwashe. Kore shi ya fi wuya, ruwan ganyen zogale yakan yi kyau yau, jibi ya dushe. Shuni ba a yin sa a aji, don baba sai an tsima shi kwanaki a rijiyar marina da toka. Gara a kai yara marina su gani da idonsu yadda zane ke fitowa kore daga ruwa, iska ta buge shi ya koma shuɗi. Na ƙasa da na gawayi su ke daɗewa. Amma yaro ɗan CI ko CP ba don a rataya a fada yake zane ba.

Mun san abin da wasu za su ce, kuma maganarsu tana da nauyi. Za su ce yaran da ba su iya karatu ba, wane zane? Binciken PASEC na 2014 ya nuna cikin yara goma da ke gama firamare a Nijar, ko ɗaya bai cika ba wanda ya kai mizanin karatu. Na 2019 ya nuna an gusa, amma mafi yawa ba su kai ba. Za su ce ga azuzuwan zana da kara, waɗanda sai an gama girbi an samu kara ake kafa su, ga gobarar da ta ci yara a irinsu a Yamai da Maraɗi a 2021, Allah ya jiƙansu. Za su ce mushe guda da yara fiye da abin da ido ke iya tsarewa. Duk gaskiya ne, kuma ba zane zai gina aji ba.

Sai dai a lura da abu guda. Yaron da ya shigo CI bai taɓa riƙe alƙalami ba, hannunsa a sandare yake, kuma ana yi masa magana da harshen da ba ya ji a gida. Kafin ya rubuta harafi sai ya iya jan layi, ya iya zagaye, ya iya bambanta wannan siffa da waccan. Zane ke koya masa haka. Sannan awa guda ce a mako da yaron da ba ya ɗaga hannu a darasin Faransanci zai yi abin da za a ce masa madalla. Da yawa daga yaran da ke gudun lakkol su dawo mana kasuwa suna gararamba, ba su taɓa jin wannan kalma daga bakin mushe ba. Darasin zane da na aikin hannu kuma ba baƙo ba ne, yana cikin tsarin karatun firamare. Rashin kaya ne ke sa a tsallake shi a ce a yi lissafi.

Wasu iyayen kuma damuwarsu ta addini ce, kan zana abu mai rai. Wannan kowa ya tambayi malaminsa. Amma gona da rumbu da gawo da hazo ba su cikin abin da ake saɓani a kai, haka dagi da sauran zanen da magina suka yi a fuskar gidajen Birni a Damagaram. Zayyanar da ake yi wa allon mai sauka, da ja da rawaya da kore, ai malamai ne ke yin ta tun kaka da kakanni.

Ga mai cewa wasa ne kuwa, to ya dubi rumfarsa. Hajiya mai atamfa ta san turmi biyu masu yadi ɗaya, wannan ya ƙare cikin mako, wancan ya shekara yana shan ƙura, bambancinsu launi ne kawai. Muna shan wahalar hanya zuwa Kano da Kwatano da Lome, muna sayo shaddar da aka rina a Bamako, abin da muke biya a kai idon wani ne da ya san wane launi ke zama da wane. Mai ɗinkin hula, mai surfani, baduku, mai zanen lalle a gidan biki, mai rubuta allon shago da bayan mota, duk da wannan ido suke ci. Alphadi, da ya buɗe bikin FIMA a 1998 a hamadar Agadas, da zane a takarda tufafinsa ke farawa. Ba kowane yaro zai zama ma'aikacin gwamnati ba, mu muka fi kowa sani, don wajenmu suke dawowa neman jari.

Kashedi guda, kuma da babbar murya. Ba kowane launi na kasuwa ake ba yaro ba, don ƙanana hannu a baki suke. Garin galura da sodar masu rini suna ƙona fata. Baƙin lalle na kanti yana da sinadarin da ke sa wasu kumburi da ƙuraje. Kwalli sau da yawa akwai dalma a cikinsa. Baƙin cikin tsohon batir, da wasu ke shafa wa allon aji, kada ya shiga hannun yaro. Ƙasa kuma kada a ɗebo ta inda ake haƙar zinariya ko niƙa dutsenta. Ba mu manta da Zamfara ba, inda a 2010 gubar dalma daga irin wannan dutse ta kashe ɗaruruwan yara. Tafasa ɓawo da zoɓo a gida za a yi shi, a kawo a kwalba ya huce. Kada a hura wuta kusa da ajin kara ko da wane dalili.

Saura wa zai fara. Ba sai an jira takarda daga Yamai ba. Kusan kowace lakkol tana da kwamitin iyaye da ke kula da tafiyarta, da yawa kuma suna da ƙungiyar uwaye mata. Ƙungiyoyin asusu irin na Mata Masu Dubara, da suka faro a jihar Maraɗi a 1991, suna zama kowane mako. A zama guda ana iya raba aikin. Mai albasa ta tara ɓawo, mai kayan miya ta ba da dintsin gangamau da kanwa, mai kanti ya ajiye kwali maimakon ya ƙona, mai ƙaro ya ba da na ƙasan buhu. Sarkin kasuwa ko shugaban ƴan rumfa ya je ya gaida darektan lakkol ya ji ranar da ta dace. A roƙi baduku ɗaya ko marini ɗaya ya ba da awa guda ya nuna wa yara yadda yake haɗa nasa, don mushe da yawa ba a koya musu wannan ba a makarantar horon malamai. Mu uwaye kuma, ranar da aka sa, a sauke wa yarinya farantin talla ta je.

In an gama, a rataya zanen a igiya a bakin kasuwa ranar da take ci, kowane da sunan mai shi a ƙasa, iyaye su zo su gani. A yi shi cikin Nuwamba, lokacin zoɓo na da arha, kara bai ƙare a gona ba, kuma iskar hunturu ba ta yi ƙarfin da za ta kwashe takardun ba.