Mamaki Kaɗai Ba Ya Zama Ilmi



Hotunan sararin samaniya sun yawaita a wayoyinmu. Mutum ya gani ya yi tasbihi, ya tura wa na gaba, shi ke nan an wuce wurin. Tasbihin ya yi kyau, sai dai ni a ganina mamakin da bai haifi tambaya ba bai daɗewa yake hucewa. Bari in kawo misali guda.

A shekarar 1918 wani masanin falaki a Amurka, Heba Kotis, ya hango wani siririn haske miƙaƙƙe yana fita daga tsakiyar gungun taurarin da ake kira M87. Daga baya aka gane cewa feshi ne na filasma da ke tasowa daga kewayen wani ƙaton baƙin rami, tsawonsa ya kai tafiyar haske ta shekara 5,000. Filasma kuwa iska ce da ta yi zafi har ƙwayoyinta suka rarrabu suka ɗauki cajin lantarki. Ba baƙuwa ba ce gare mu: ita ce walƙiyar da ke keta sama a fadamar Rima da damina, ita ce wutar da ke bakin sandar mai walda a Wurno, kuma da ita aka yi jikin rana.

To abin tambaya shi ne, me ya hana wannan feshi watsewa? Hayaƙin murhu ma kafin ya kai rufin ɗaki ya bazu. Masana sun daɗe suna zaton ƙarfin maganaɗisu ne ke matse shi. Amma zato daban, hujja daban, ga shi ba mai iya zuwa can ya auna. Sai suka jawo abin cikin ɗaki. A jami'ar Caltech, Farfesa Pol Belan da ɗalibansa sun shafe shekaru suna sakin wuta mai ƙarfi cikin wata tukunyar ƙarfe da aka zuƙe iskarta, feshin da bai kai mita ɗaya ba ya fito ya mutu kafin ƙiftawar ido, kyamara ta ɗauka. A 2014 kuma wasu masana a Faransa suka harba hasken lesa kan ɗan ƙanƙanen abu, a cikin maganaɗisun da ya ninka na duniyarmu sau dubu ɗaruruwa. Filasmar da ta taso za ta bazu sai ta tattaru ta miƙe siririya, irin wadda ake gani tana fita daga jariran taurari.

Wanda ya san madatsar Goronyo zai gane da sauri. Ruwan da aka saki a fili malala yake yi, wanda aka sa a magudana kuwa yana tafiya nesa har gonar shinkafa. Maganaɗisu magudana ce marar siminti.

Wani zai ce, ina ruwan ɗan Rabah da wannan, alhali makarantarsa tana fama da kujeru? Amsata ita ce, tsadar kayan aikin ba ita ce darasin ba. Darasin shi ne ɗabi'ar: ka ƙanƙanta tambaya har ta shiga hannunka, sannan ka gwada. Batir, waya da allurar kamfas sun isa su nuna wa yaro cewa lantarki na haifar da maganaɗisu, kuma nan ne ƙofar wannan ilmi duka. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a Wurno a 1837, mulki da tsaron ribaɗi ba su hana shi rubutu kan magunguna ba. Bincike gado ne a ƙasar nan.

Don haka ya kai ƙanena da ke gudun fizis saboda lissafi, ka sake shawara. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo na nan Sakkwato da sashen wannan fanni. Mu kuma yayye, in mun tashi taimakon makarantun garuruwanmu, mu tuna da ɗakin gwaji.

Allah Ya ƙara mana ilmi mai amfani. Wassalam.