Muryar Malami Ita Ce Fartanyarsa

Jama'a, sa'ad da aka tura ni gwajin koyarwa a wata firamare a unguwar Dawaki, cikin garin Gombe, hunturu ya kankama. Yara sun cika aji maƙil, ga ƙura ta taga, ga garin alli. Na yi ta ɗaga murya don na baya su ji. Ran kwana na biyar na buɗe baki in gaishe su, sai iska kurum ta fito. Yara suka fashe da dariya. Ban ga laifinsu ba.

Wani dattijo ya ce beli ne, a kira wanzami. Na gode masa, amma ban yarda ba. Beli yana can sama, ana hangensa in an wangame baki. Murya kuwa a maƙogwaro take, bayan ƙullutun nan da ke motsi in mutum ya haɗiyi yawu. Can akwai tantani biyu, iskar huhu ke kaɗa su, wajen sau 100 cikin daƙiƙa guda ga namiji, mace kuwa wajen sau 200. In mura ta kama su, ko ihu ya gurje su, sai su kumbura, su kasa haɗuwa daidai, murya ta dishe. Askar wanzami ba ta kai nan. Abin sha'awa, malami ne irinmu, Manuel Garcia mai koyar da waƙa, ya leƙa nasa da ɗan madubi a 1854.

Yawanci kumburin yakan sauka da kansa cikin mako ɗaya ko biyu. Maganinsa shiru, da shan ruwa, da sirace. Kafso ɗin da muke saye a kemis ba ya kashe ƙwayar mura, ɓarnar kuɗi ce. Raɗa ma wahal da tantanin take yi. Zuma da citta suna da daɗi, amma ta hanyar abinci suke wucewa.

To, ga ƙorafina. Ana koya mana tsara darasi, da rubutun allo, har da ɗaukar rajista, amma ba wanda ya taɓa nuna mini yadda zan yi magana awa biyar ban ji wa kaina ciwo ba. Ashe a makarantar mishan, wajen waƙa, an koya mana jawo numfashi daga ciki, ban kuwa san zai yi mini amfani a aji ba. Ina roƙon shugabanninmu su sa wannan cikin darasi kafin a tura kowa gwaji. Hedimastoci kuma su daina ɗaukar shirun malami mai dishewa lalaci ne.

Ɗan'uwa, in dishewarka ta wuce mako 3, tafi Asibitin Koyarwa na Tarayya a leƙa maƙogwaron, balle in kana shan taba, gama tarin fuka da daji sukan ɓuya a nan. Yaron da ya dishe kuma yana numfashi da ƙyar, kada a jira a tashi daga makaranta. Mashaƙo ya kashe yara da yawa a Kano a 2023.