A Ba Littattafan Mata Fili

Zuwa ga Edita,

Roƙona shi ne ku ware shafi a jaridarku domin sharhin littattafan da mata ke rubutawa. A nan Gummi, haka Anka da Bukkuyum, da wuya ka samu shagon littafi. Labarai a waya suke iso mana ta WhatsApp, mu tura wa juna, mu yi ta muhawara a gidan biki, amma babu mai tace mana tsaba daga tsakuwa.

Ina takaicin yadda 'yan matanmu ba su san Hajiya Hafsat Abdulwaheed ba, alhali ta daɗe tana zaune a Gusau, har ta nemi tsayawa takarar gwamnan Zamfara a 2003. Littafinta So Aljannar Duniya ya fito tun 1980. Ina kuma ba kowace uwa shawarar ta karanta Wa Zai Auri Jahila? na Balaraba Ramat Yakubu, labarin yarinyar da aka cire daga makaranta aka aurar. A ganina masu kiran irin waɗannan littattafai shirmen soyayya ba su buɗe su ba ne.

Gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016, ta fito da sababbin marubuta mata. Mu ma muna da abin rubutawa: gubar dalmar da ta kashe yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a 2010, da matan da 'yan bindiga suka raba da gidajensu. Idan kun buɗe shafin, ku riƙa karɓar gajerun labarai daga gare mu.

Wassalam,
Wata malamar makaranta, Gummi