Canjin Ubangida Ba 'Yanci Ba Ne

A majalisun shayi na Kano, da fadojin matasan Damagaram, da shafukan Facebook, magana ɗaya ake nanatawa: sojojin da suka karɓi mulki a Mali da Burkina Faso da Nijar sun ƙwato wa Afirka mutuncinta, tunda sun fatattaki Faransa. Duk wanda ya ɗaga yatsa, nan take a ce masa karen farautar Turawa. Ni dai ban yarda da wannan karatu ba.

Ba wanke Faransa na zo yi ba. Ta yi shekara da shekaru tana kwasar yuraniyom a Arlit, alhali yawancin ƙauyukan Nijar cikin duhu suke kwana. Ita ce kan gaba a yaƙin Libiya na 2011 da ya malalo makamai cikin Sahel. Dakarunta na Barkhane sun yi shekara takwas ba su murƙushe 'yan ta'adda ba. Sallamarsu daidai ce. Amma da suka tafi, me talaka ya samu?

A Mali sojojin haya na Wagner daga Rasha ne suka maye gurbi. A watan Maris na 2022, a garin Moura, Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce sojojin Mali da baƙin mayaƙa sun kashe aƙalla mutum 500. A Satumban 2024 'yan ta'addan ƙungiyar JNIM suka kai hari har filin jirgin saman Bamako. A 2025 suka tare hanyoyin tankokin mai, sai da gwamnati ta rufe makarantu. A Burkina Faso, a Agustan 2024, an karkashe ɗaruruwan mutanen Barsalogho suna cikin haƙa ramukan kare garinsu. Wannan ne zaman lafiyar da ake yi wa guɗa?

Abin da sojojin suka tsare da kyau shi ne kujerunsu. Ibrahim Traore na Burkina Faso ya ƙara wa kansa shekara biyar a 2024. A 2025 Janar Tiani na Nijar da Janar Goita na Mali suka bi sahu, aka kuma rusa jam'iyyun siyasa a Nijar da Mali. Har yau kuɗin sefa ne a aljihun 'yan ƙasashen uku, duk da zafin jawabai.

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tsagar ita ce shugaban da ba ya tsoron ƙuri'a, da kotun da ba ta iya ce masa a'a, da ƙauyen da bai san gwamnati ba sai ranar haraji. Mai mulkin da talakawansa ba su zaɓa ba dole ya nemi mai tsaron ransa a waje, ko daga Faris ko daga Mosko, kuma mai tsaron nan ba ya aikin Allah-da-Annabi: da zinariya ake biyansa, ko da yuraniyom.

Mu dubi Senegal. Da Shugaba Macky Sall ya ɗage zaɓe a 2024, kotun tsarin mulki ta taka masa burki. Jama'a suka zaɓi Bassirou Diomaye Faye, shi kuma ya karɓi sansanin sojan Faransa na ƙarshe a Yulin 2025, ba juyin mulki, ba sojan haya.

Saboda haka mu daina auna shugaba da yawan zagin da yake yi wa Turawa. Mu tambaye shi ranar zaɓe, da lissafin kuɗin ma'adinai, da adadin ƙauyukan da manomansu suka koma gona. Wanda ya hana mu yin waɗannan tambayoyi mulkin mallaka yake yi mana, ko da ɗan uwanmu ne.